Rema, Ayu da Giwa: Yadda DNA da Kwamfuta Suka Tona Asirin Dangin Giwa

Yau ba sabuwar waya zan gwada muku ba, kuma ba manhajar da za a sauke na zo da ita ba, duk da cewa akwai shafukan da za mu buɗe a ƙarshe. Wata gardama ce da aka yi a shagon cajin waya a unguwarmu, Darmanawa, ta jawo wannan rubutu.

Muna zaune bayan la'asar, wuta ta ɗauke, kowa na jiran wayarsa, sai wani abokina ya nuna mana wani ɗan gajeren bidiyo a TikTok. Wata ƙaramar dabba ce mai kama da gafiya, tana zaune a kan dutse tana shan hantsi, an rubuta cewa 'yar'uwar giwa ce. Dariya ta kaure. Wani dattijo da ya zo karɓar wayarsa ya leƙa ya ce, "Ai wannan rema ce, yaro. Ina rema ina giwa?" Ni ma na goyi bayansa, har na ce in dai giwa na da dangi to dorina ce ko karkanda. Da na koma gida na zauna na bincika, sai na tarar mai bidiyon ya fi mu gaskiya. Washegari sai da na sayi lemo na biya bashin musu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne hanyar da masana suka bi suka gano hakan, domin ta yi kama sosai da aikin da nake yi kullum na rubuta manhaja. Abin da zan kawo muku bayanin masu binciken kimiyya ne da hujjojin da suka dogara da su, domin ku san yadda aka kai ga maganar, ku kuma iya dubawa da wayarku.

Su waye dangin?

Masana sun sanya giwa a rukuni ɗaya da dabbobi iri biyu da ke raye a yau.

Na farko ita ce rema. Nauyinta bai wuce kilo 2 zuwa 5 ba, tana rayuwa cikin kogunan duwatsu, kuma ana samunta a sassa da yawa na Afirka da yankin Larabawa, har da wuraren duwatsu na arewacin Najeriya.

Na biyu shi ne ayu, wanda ke cikin manyan koguna irin su Neja da Binuwai, tare da 'yan'uwansa na Amurka da kuma wani mai suna dugon da ke tekun Indiya da Bahar Maliya. Da yawanmu muna kiransa kifi. Amma ayu iska yake shaƙa da huhu, yana haihuwa, yana shayar da ɗansa nono, kuma ciyawar ruwa yake ci. Tsawonsa kan kai mita 3, nauyinsa ɗaruruwan kilo.

Ka kwatanta waɗannan da toron giwa na daji wanda kan kai kilo 6,000. A ido babu abin da ya haɗa su. Duk da haka, tun 1945 wani masani ɗan Amurka, George Gaylord Simpson, ya haɗa su a rukunin da ya kira Paenungulata, wato masu kusan kofato.

Idan aka ƙara faɗaɗa da'irar, akwai dangi na nesa: dabgi, mai tonon gidan gara da dare, da wasu ƙananan dabbobi masu cin ƙwari irin su sengi mai ɗan dogon hanci da tenrek na tsibirin Madagaska. A 1998 masu binciken DNA suka raɗa wa wannan babban gida suna Afrotheria, ma'ana dabbobin Afirka.

Dorina da karkanda da na yi musu a kansu fa? Ba sa cikin gidan ko kaɗan. Bisa lissafin DNA, dorina ta fi kusa da saniya da raƙumi, kai ta fi kusa da kyanwa da jemage, a kan giwa. Mafi kusancin danginta su ne manyan dabbobin teku irin su dolfin.

Me ya sa ido ke yaudararmu?

Ba mu kaɗai muka yi wannan kuskuren ba. Shahararren masanin Faransa Georges Cuvier, sama da shekara 200 da suka wuce, ya haɗa giwa da dorina da karkanda a rukuni ɗaya saboda kaurin fatarsu. Ita ma rema, a 1766 wani masani mai suna Pallas ya sanya ta cikin dangin ɓeraye.

Ku ɗauki misali da wayoyi. Ka shiga Farm Center ka ga waya biyu, launi ɗaya, kyamara uku a baya, girman fuska ɗaya. Sai ka kunna ka tarar ɗaya iPhone ce, ɗaya kuma Android ce aka yi mata riga irin ta iPhone. A gefe guda, agogon hannu na zamani da talabijin ɗin bango ba su yi kama ba, amma mai yiwuwa tushen manhajar da ke tafiyar da su ɗaya ne. Kamannin waje na bin buƙata: duk dabbar da ta yi girma sosai tana buƙatar ƙafafu masu kauri kamar ginshiƙi da fata mai kauri, ko daga wane gida ta fito. Dangantaka kuwa sai an buɗe ciki.

Abin da jiki ya nuna

Kafin zuwan gwajin DNA, masu nazarin ƙasusuwa da sassan jiki sun lura da abubuwa da dama.

Haure. Hauren giwa haƙoran gaba ne na sama da suka yi ta tsawo. Na dorina da na gadu kuwa fiƙa ce. Rema na da haƙoran gaba biyu na sama da ba sa daina girma, kamar ƙananan haure. Namijin dugon ma haka.

Farata. Giwa na da farata masu faɗi a gefen ƙafa. Rema ma farata masu faɗi gare ta, saɓanin ƙumba mai tsini irin ta ɓera. Ayu na Afirka, duk da cewa hannayensa sun zama kamar matuƙin kwale-kwale, har yanzu akwai farata a bakinsu.

Nono. Uwar giwa tana shayarwa ne daga ƙirji, tsakanin ƙafafun gaba, saɓanin saniya da akuya. Ayu ma nononta a hammata yake. Rema na da biyu kusa da hammata, ƙari a kan na ƙasan ciki.

Maraina. A wajen namijin giwa, rema da ayu, maraina na zaune a cikin ciki kusa da ƙoda, ba sa saukowa waje kamar na rago ko sa.

Haƙoran tauna. Namu daga ƙasa suke tsirowa su ture na yarinta. Na giwa daga baya suke tahowa suna matsowa gaba, na gaba ya lalace ya faɗi, har sau shida a rayuwarta. Ayu ma haƙoransa daga baya suke tafiya zuwa gaba, shi kuma ba ya daina yin sababbi.

Goyon ciki. Giwa kan yi wajen wata 22. Rema, duk ƙanƙantarta, kan yi wata 7 zuwa 8, alhali zomo mai irin girmanta wata ɗaya kacal yake yi.

Kowace alama ita kaɗai ana iya cewa dace ne. Da suka taru sai zargi ya yi ƙarfi. DNA ce ta zo ta ƙarfafa hujjar.

DNA a idon mai rubuta manhaja

Kwamfuta na adana komai da lamba biyu, 0 da 1. Jikin mai rai na adana umarninsa da haruffa huɗu: A, C, G da T. Kundin DNA na giwa na da haruffa sama da biliyan 3. Tunda kowane harafi ɗaya ne cikin huɗu, ana iya matse shi duka a ƙasa da gigabayit 1. Wato memorin wayarka zai ɗauki kundin halittar giwa ba tare da ka goge hoto ko ɗaya ba.

Mu masu rubuta manhaja muna amfani da wani abu mai suna Git. Idan mutum biyu suka kwafi aiki ɗaya, kowa ya ci gaba da gyara nasa, Git na iya jera fayilolin gefe da gefe ya nuna layin da ya bambanta. In bambancin kaɗan ne, ba a daɗe da rabuwa ba. In ya yi yawa, an daɗe. Haka masana ke yi da DNA. Suna ɗaukar sashe ɗaya daga giwa, rema, ayu, dorina da sauransu, kwamfuta ta jera su, ta ƙirga bambancin, sannan ta zana bishiyar da ta fi dacewa da lissafin.

Akwai hujjar da ta fi wannan ƙarfi, kuma duk wanda ya rubuta WAEC ko NECO zai gane ta. Idan ɗalibai biyu suka rubuta amsa daidai, ba za a ce sun yi satar amsa ba. Amma in suka yi kuskure iri ɗaya, a layi ɗaya, da harafi ɗaya, to mai duba takarda ya san daga tushe ɗaya amsar ta fito. A cikin DNA akwai wasu gutsattsari da ke kwafar kansu su maƙale a wani wuri ba tare da tsari ba, kuma da zarar sun shiga sai a yi ta gadonsu. A 2003 masu bincike a Japan suka bayyana wani irin gutsure da suka kira AfroSINE, wanda ake samu a giwa, rema, ayu, dabgi da sauran 'yan gidan, ba a kuma samunsa a sauran dabbobi masu shayarwa. Wannan shi ne kuskure iri ɗaya a takardar jarrabawa.

Tambayar da ta rage ita ce, tsakanin rema da ayu wa ya fi kusa da giwa? Masu nazarin ƙashi sun fi karkata ga ayu. Binciken DNA kuwa ya ba da amsoshi mabambanta, saboda rassan uku sun rabu ne kusan lokaci guda, kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce bisa ƙiyasinsu. Saboda haka in ka ga an rubuta cewa rema ce mafi kusa da giwa, ka ƙara da cewa ayu ma yana nan a sahu ɗaya, wataƙila ma ya ɗan fi ta.

A kuma kula da wani abu: masana ba su ce giwa daga rema ta fito ba. Cewa suka yi sun haɗa kaka, kamar yadda ɗan kawunka ba shi ya haife ka ba.

Shaidar da ke cikin ƙasa

Masana ilimin ƙasa sun ce Afirka ta shafe miliyoyin shekaru tana kewaye da ruwa kamar tsibiri, kafin ta haɗu da Asiya wajen shekara miliyan 20 da suka wuce. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa gidan Afrotheria ya yi rassa a nan. Kakannin zaki, raƙumin dawa da ɓauna daga baya suka shigo.

A Maroko, a ramukan haƙar fosfat, an samo ƙasusuwan wata dabba mai suna Eritherium, aka bayyana ta a 2009. An ƙiyasta shekarunta da kusan miliyan 60, ita ce mafi tsufa da aka sani a dangin giwa, kuma nauyinta 'yan kilo ne kawai, kusan girman rema ta yau. A Fayum ta Masar an samo Moeritherium, mai girman alade babba, wadda ake ganin a fadama da ruwa take rayuwa. A nan maƙwabta ma, a Togo, an bayyana wata tsohuwar dangin giwa mai suna Dagbatitherium a 2021. A wancan zamanin remaye ne manyan masu kiwo a Afirka, wasunsu sun kai girman ƙaramar karkanda.

Giwayen da suka rage

Iri uku ne ke raye: giwar daji ta Afirka, giwar kurmi ta Afirka, da giwar Asiya. An daɗe ana ɗaukar na Afirka biyun a matsayin iri ɗaya, sai DNA ta nuna sun rabu tun miliyoyin shekaru. Ta kuma nuna cewa mamot, giwar nan mai gashi ta ƙasashen ƙanƙara, ta fi kusa da giwar Asiya a kan ta Afirka. Mamot na ƙarshe sun rayu a tsibirin Wrangel na Rasha har zuwa kimanin shekara 4,000 da suka wuce, wato bayan an riga an gina manyan dalar Masar. Saboda wannan kusanci ne kamfanin Colossal na Amurka, da aka kafa a 2021, ke ƙoƙarin gyara DNA ta giwar Asiya don samar da dabba mai siffar mamot.

Ina ruwanmu?

Ga inda maganar ta zo ƙofar gidanmu. A watan Maris na 2021 ƙungiyar IUCN, mai fitar da jerin dabbobin da ke cikin haɗari, ta fara lissafa giwayen Afirka biyu daban-daban. Ta ce giwar kurmi ta ragu da sama da kashi 86 cikin 100 a shekara 31, giwar daji kuma da aƙalla kashi 60 cikin 100 a shekara 50. Da ba a raba su ba, da yawan ɗaya ya ɓoye halin da ɗayar ke ciki. A Najeriya 'yan ɗaruruwa ne suka rage, kuma garken gandun Yankari a jihar Bauchi na cikin mafiya muhimmanci. A Nijar ana samunsu a gandun W da ke kan iyaka da Benin da Burkina Faso.

Fasaha na taka rawa a nan ma. A Yankari an ɗaura wa wasu giwaye abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, don a san inda garke ya nufa kafin ya faɗa gonakin mutane. A Jami'ar Washington, Farfesa Samuel Wasser da abokan aikinsa na gwada DNA ta hauren da aka kama a tashoshin jiragen ruwa su gano yankin da aka kashe giwar. A watan Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta niƙe wajen tan 2.5 na hauren giwa da aka ƙwace, a Abuja.

Shi kuwa ayu, matsalarsa na cikin wayoyinmu. Duk mai hawa Facebook, TikTok ko WhatsApp a Kano ya taɓa cin karo da tallar man ayu ko sassan jikinsa a matsayin maganin ma'aurata. Abu biyu ne: ko dai jabu ne an cuce ka, ko kuma na gaske ne, an kashe dabbar da IUCN ta sanya cikin masu fuskantar barazana, wadda yarjejeniyar CITES ta hana cinikinta tsakanin ƙasashe tun 2013. Ayu ba ya zuba ƙwai dubbai kamar tarwaɗa. Uwa kan yi kusan shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya, ta daɗe tana shayarwa kafin ta sake. In aka kashe uwa ɗaya, an yi asarar shekaru.

Tarihi ya riga ya nuna yadda hakan ke ƙarewa. Akwai wani ƙaton ɗan'uwan ayu a tekun Bering, wanda Turawa suka fara gani a 1741. Zuwa 1768 mafarauta sun gama da shi. Shekara 27 kacal.

Gwada da wayarka

Kada ka ɗauki maganata kawai. Ga abubuwa huɗu da za ka iya yi da ɗan data kaɗan.

1. OneZoom. Shafi ne kyauta da ya zana dukkan halittu a bishiya guda, kana jan ta da yatsa kamar taswirar Google Maps. Rubuta Loxodonta africana, sunan giwar daji a kimiyyance, sannan ka ja baya a hankali. Za ka ga reshen rema da na ayu a gefenta.

2. TimeTree. Kana rubuta sunan dabba biyu ya ba ka ƙiyasin lokacin da suka rabu. Gwada giwa da Procavia capensis, wato rema. Sai Trichechus senegalensis, ayu namu. Sai Orycteropus afer, dabgi. Ka rufe da Hippopotamus amphibius, dorina, ka ga yadda lambar ke tsalle.

3. GenBank da BLAST. Wannan na masu son shiga ciki ne. GenBank rumbun DNA ne da ke buɗe ga kowa tun 1982, BLAST kuma shi ne injin bincikensa. Ka kwafi jerin haruffan wani sashe na DNA ta giwa ka liƙa, zai jero maka halittun da nasu ya fi kama da shi. In kana koyon Python, rubuta ɗan shirin da zai ƙirga bambancin jeri biyu aikin yini ɗaya ne, kuma ya fi kalkuletan da kowa ke rubutawa armashi.

4. iNaturalist. In tafiya ta kai ka wurin duwatsu ka ga rema, ɗauki hoto ka ɗora. Masu bincike na amfani da waɗannan hotuna wajen sanin inda dabbobi suke, kuma yankinmu na buƙatar masu ɗorawa. Amma in dabbar da ake farauta ce kamar ayu, ka ɓoye ainihin wurin, manhajar na da maɓallin yin hakan.

Gidan Zoo na Audu Bako yana nan kusa da mu a titin Zoo Road, ba nisa daga Gyadi-Gyadi. Ranar da ka kai ƙannenka yawon sallah, ka buɗe OneZoom a gaban kowace dabba ku nemi reshenta tare. Ni dai na koma shagon caji na nuna wa dattijon nan hoton ƙafar rema da ta giwa gefe da gefe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ikon Allah. To ayun fa, shi ma farce gare shi?" Na nuna masa. Ya ce in tura masa ta WhatsApp zai nuna wa mutanen majalisarsu.

In ka ga tallar man ayu a wayarka, kada ka saya, kada ka tura wa wani. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.